Ɗan Hakin da Aka Raina: Makomar Ƙananan Rukunai a Wasannin Jami'o'in Amurka

A watan Satumba na 2024, Jami'ar Notre Dame, wadda take cikin mafiya tarihi da arziki a wasan zari-rugar Amurka, ta biya Jami'ar Northern Illinois dala miliyan 1.4 domin ta zo gidanta su kara. Irin wannan gayyata tsohuwar al'ada ce a can. Babba yakan kira ƙarami, ya biya shi ladan tafiya, ya lallasa shi a gaban magoya bayansa, kowa ya tashi da abin da ya zo nema: babba da nasara, ƙarami da kuɗin cike giɓin kasafinsa. A wannan rana sai lissafi ya rikice. Baƙin suka ci wasan da maki 16 da 14, suka karɓi kuɗinsu suka kama hanya. Bayan wata huɗu, Notre Dame ɗin ce ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa, abin da ya nuna cewa ba gurguwar ƙungiya aka kayar ba.

Labarai irin wannan su ne gishirin wasannin jami'o'i a Amurka, kuma su ake kafa hujja da su duk lokacin da aka ce tsarin ya karkata ga masu hannu da shuni. Sai dai hujjar tana ƙara rauni kowace shekara. Tazarar da ke tsakanin manyan rukunan gasa huɗu da sauran rukunai fiye da 25 ta wuce batun gwaninta a fili, ta haɗa da kwangilar talabijin da hukuncin kotu da ƙarfin aljihun ɗaukar 'yan wasa. Manyan suna da gaskiya da suke cewa su ne ke jawo kuɗi, amma sun yi kuskure da suke zaton kuɗin zai ci gaba da zuwa bayan sun rufe wa ƙananan ƙofa. Batun kuma ya shafi Najeriya, domin ta waɗannan ƙananan makarantu ne wasu fitattun 'yan wasanta suka bi har duniya ta san su.

Yadda aka shata iyaka

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, wato NCAA, ta raba makarantu zuwa mataki uku. A mataki na farko akwai jami'o'i sama da 350, waɗanda suka kasu cikin rukunai kimanin 30. Rukuni a nan haɗin gwiwa ne na jami'o'in da suka yarda su riƙa karawa da juna, su fitar da zakara, su kuma sayar da haƙƙin haska wasanninsu a dunƙule su raba kuɗin. Huɗu ne ke riƙe da akala: SEC da Big Ten da Big 12 da ACC. A ƙarƙashinsu akwai na tsaka-tsaki a zari-ruga, wato American da Mountain West da Sun Belt da Mid-American da Conference USA. Sai kuma ragowar, irin su Big Sky da West Coast da Ivy League, da kuma SWAC, rukunin jami'o'in da aka kafa tun zamanin wariyar launin fata domin ilmantar da baƙaƙen fata.

Mai bibiyar gasar Firimiya ta Ingila zai yi saurin gane inda gizo ke saƙar. A can, ƙungiyar da ta yi ƙwazo a ƙasa tana hawa, wadda ta yi sake a sama tana faɗowa. Leicester City ta hau Firimiya a 2014, ta ɗauki kofi a 2016. A wasannin jami'o'in Amurka babu wannan tsani. Jami'a za ta iya shekara goma tana cin kowa a ƙaramin rukuni ba ta gusa ko'ina ba, wata kuma ta shekara goma tana shan kashi a babban rukuni tana karɓar rabonta cif. Shiga babban rukuni sai da gayyata, shugabannin jami'o'i ne ke kaɗa ƙuri'ar, su ma bayan sun ji ta bakin gidajen talabijin. Abin da aka fi aunawa shi ne yawan masu kallo da girman kasuwar yankin da makarantar take.

Tushen wannan hali yana komawa ga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1984, a shari'ar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar a kan NCAA. Kafin nan hukumar ce ke sayar da haƙƙin haska zari-ruga a madadin kowa, tana kuma taƙaita sau nawa za a nuna kowace makaranta. Kotu ta ce hakan ya saɓa wa dokar hana kankane kasuwa, ta sakar wa jami'o'i da rukunai mara su yi cinikinsu da kansu. Tun daga nan kuɗi ya fara gangarawa inda 'yan kallo suka fi yawa. A 2022 rukunin Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan sama da dala biliyan bakwai. Kasafin sashen wasanni na jami'o'i irin su Ohio State da Texas ya haura dala miliyan 200 a shekara, alhali ƙananan makarantu da yawa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, kuma kaso mai tsoka na ɗan abin da suke da shi kuɗi ne da ake ɗora wa ɗalibai a kan kuɗin makaranta.

Tarihin Jami'ar Houston ya isa shaida cewa girma da ƙanƙanta a wannan fage a teburin taro ake yanke su. A can ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kai wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando a 1983 da 1984, lokacin makarantar tana cikin babban rukunin Southwest. Da rukunin ya watse a 1996, huɗu daga cikin mambobinsa suka samu mafaka a Big 12, aka bar Houston a waje. Ta shafe fiye da shekara 25 tana zaman rukunai na tsaka-tsaki kafin a buɗe mata ƙofar Big 12 a 2023. Haka nan rukunin Pac-12, mai tarihin fiye da ƙarni guda, ya wayi gari a 2024 mambobinsa goma cikin goma sha biyu sun yi hijira, saboda ya kasa samun kwangilar talabijin da za ta riƙe su. Aka bar Oregon State da Washington State riƙe da suna da kango.

Girgizar ba ta tsaya nan ba. Biyun da aka bari suka juya kan rukunin Mountain West, suka janye Boise State da San Diego State da wasu. Shi kuma Mountain West ya miƙa hannu cikin Conference USA ya gayyato Jami'ar Texas da ke El Paso, yayin da Conference USA ya duba ƙasa ya ɗebo daga makarantun da ke bayansa. Kowa na cin na ƙasa da shi. A ɗaya gefen kuma, jami'o'in Stanford da California, da ke bakin tekun Fasifik, sun koma rukunin da sunansa ke nufin gaɓar tekun Atlantika. Sakamakon haka ɗalibar da ke buga ƙwallon raga za ta iya yin tafiyar kusan kilomita dubu huɗu domin wasan rukuni guda, ta dawo ta tarar da jarrabawa tana jiranta.

Inda manyan suke da hujja

Adalci ya buƙaci a saurari manyan. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da dubu 107, kuma yana cika. Karawa tsakanin Michigan da Ohio State, ko Alabama da Georgia, tana tara miliyoyin masu kallo, kuma wannan taro shi ne hajar da kamfanonin talabijin ke zuba biliyoyi su saya. Don haka manyan ke cewa bai kamata a ɗebi amfanin gonarsu a raba wa wanda bai yi noma ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa bibiyar muhawarar rabon arzikin ƙasa a Abuja ya san wannan gardama da wani suna: a raba bisa inda kuɗin ya fito, ko bisa daidaito da buƙata?

A fili ma sakamako yana goyon bayansu a mafi yawan lokuta. Zari-ruga wasa ne da ke buƙatar ƙarfafa masu yawa da 'yan canji masu nagarta, kuma mai kuɗi ne ke iya tara su. A kakar 2021 Cincinnati ta zama ta farko daga rukunan tsaka-tsaki da ta shiga cikin huɗun da ke neman kofin ƙasa, sai Alabama ta doke ta da maki 27 da 6. Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12 a 2024, Boise State ta samu gurbi, amma Penn State ta sallame ta da maki 31 da 14. A ƙwallon kwando kuwa, a gasar maza ta 2025 rukunin SEC shi kaɗai ya tura ƙungiyoyi 14, kuma duk 16 da suka rage bayan zagaye biyu na farko daga manyan rukunai huɗun nan suka fito. Wanda ya ce babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu yana yaudarar kansa ne.

Sai dai akwai tambaya a kan ma'aunin da ake aiki da shi. A kakar 2017 Jami'ar Central Florida ta ci wasanninta 13 duka, ta rufe da doke Auburn, wadda a kakar ta riga ta kayar da Alabama da Georgia, ƙungiyoyin biyu da suka buga wasan ƙarshe. Duk da haka kwamitin zaɓe bai ga dacewar saka ta cikin huɗun farko ba, kuma hujjar da aka fi yaɗawa ita ce abokan karawarta masu rauni ne. Amma ba kasafai babba ke yarda ya je gidan ƙarami mai haɗari ba, domin idan ya ci ba a yaba masa, idan aka ci shi ya zama abin dariya. An hana ƙarami haɗuwa da manya, sannan an hukunta shi a kan cewa bai ci manya ba. Ma'auni irin wannan yana tabbatar da abin da aka riga aka yanke ne kawai.

Abin da ƙananan suka tabbatar

Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, ɗan hakin da aka raina yakan tsone ido. Ranar 1 ga Janairun 2007 Boise State ta doke Oklahoma da maki 43 da 42 bayan ƙarin lokaci. Ranar 1 ga Satumban wannan shekara Appalachian State, wadda a lokacin ba ta ma cikin sahun farko na zari-ruga, ta je gidan Michigan ta yi nasara da maki 34 da 32. A ƙwallon kwando misalan sun fi yawa, domin mutum biyar ne a fili, kuma ƙungiyar da 'yan wasanta suka shekara uku ko huɗu tare tana iya rikita taron taurarin da ba su gama sanin juna ba.

Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris ita ce wurin da tsarin ya fi kusantar adalci, saboda zakaran kowane rukuni, komai ƙanƙantarsa, yana da gurbi kai tsaye, kuma sili ɗaya ƙwale ake yi. A wannan gasa George Mason ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2006. Ta nan Butler ta buga wasan ƙarshe sau biyu a jere, a 2010 da 2011, inda a karon farko Duke ta sha da ƙyar da maki 61 da 59. Gonzaga, daga rukunin West Coast, ta kai wasan ƙarshe a 2017 da 2021. A 2018 UMBC ta lallasa Virginia da maki 74 da 54, bayan wasanni 135 da ƙungiyoyin da ke matsayi na 16 suka yi da na matsayi na ɗaya ba su taɓa cin ko guda ba. Fairleigh Dickinson ta maimaita hakan a kan Purdue a 2023. Daga wannan gasa ce NCAA ke samun mafi yawan kuɗin shigarta, kuma abin da ke jan hankalin wanda ba ya kallon ƙwallon kwando duk shekara shi ne fatan ganin ƙarami ya kayar da babba a makon farko.

Idan aka koma ga ɗaiɗaikun 'yan wasa, zancen raini ya ƙara rushewa. Jerry Rice, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen cafe ƙwallo a tarihin zari-rugar ƙwararru, daga Mississippi Valley State ya fito, Walter Payton kuma daga Jackson State, dukansu a rukunin SWAC. Stephen Curry a Davidson ya yi karatu, Damian Lillard a Weber State, Josh Allen a Wyoming. Pascal Siakam na Kamaru, wanda ya ɗauki kofin NBA da Toronto a 2019, ya bi ta New Mexico State. Galibin waɗannan matasa ne da manyan makarantu suka duba suka wuce. Akwai kuma abin da ya fi kofi nauyi. A 1966 kwalejin Texas Western, wadda a yau ita ce Jami'ar Texas da ke El Paso, ta fara wasan ƙarshe da baƙaƙen fata biyar a fili ta doke Kentucky da maki 72 da 65, a lokacin da manyan makarantu da yawa na kudancin ƙasar ba sa saka baƙar fata a ƙungiyoyinsu. Makarantar da ke gefe ce ta yi abin da na tsakiya suka ƙi yi.

Kura da shan bugu

Sauye-sauyen da aka samu tun daga 2021 sun taɓa wannan daidaito a jijiya. A watan Yunin shekarar, alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan cewa NCAA ba ta da hurumin taƙaita wasu alfanun karatu da makarantu ke bai wa 'yan wasa. Daga 1 ga Yuli aka bar ɗalibai su riƙa samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A shekarar ce kuma aka sassauta dokar sauya sheƙa, ta yadda ɗan wasa zai koma wata makaranta ya fara buga wasa nan take, ba sai ya zauna shekara guda ba. A watan Yunin 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya a California, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya bai wa jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da haƙƙin matashin da ake tara biliyoyi da guminsa ya samu rabo. An daɗe ana tauye shi, kuma gyaran ya zo a makare.

Amma gyaran ya zo ba tare da wata kariya ga wanda ya yi reno ba. A 2022 Saint Peter's, ƙaramar makaranta a jihar New Jersey, ta kayar da Kentucky da Purdue ta kai cikin takwas na ƙarshe. Cikin 'yan kwanaki kocinta ya koma Seton Hall, manyan 'yan wasanta suka watse. Florida Atlantic ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2023, shekara guda bayan nan Michigan ta ɗauke kocinta. Deion Sanders ya ɗaga sunan Jackson State, sannan a ƙarshen 2022 ya koma Colorado tare da Travis Hunter, wanda ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa ta Heisman a 2024. Curt Cignetti ya bar James Madison ya koma Indiana da ayarin 'yan wasansa, ya kuma kai sabuwar makarantarsa gasar neman kofin ƙasa a kakarsa ta farko. Wannan misali na ƙarshe yana da fuska biyu: ya nuna cewa 'yan wasan ƙaramin rukuni suna iya gogayya a sama, ya kuma nuna wanda ke cin moriyar hakan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sulhun 2025 ya zo da wani nauyin kuma. An amince a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma. Wani ɓangare zai fito daga asusun NCAA, ragowar kuma za a riƙa zaftare shi daga rabon da ake bai wa rukunai, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na abin da za a zaftare ya faɗa kan rukunan da ba sa cikin manya, duk da cewa manyan ne aka kai ƙara kuma tsofaffin 'yan wasansu ne za su karɓi kaso mafi girma. A sabon tsarin rabon kuɗin gasar zari-ruga ta ƙasa, SEC da Big Ten za su ɗauki kusan kashi 29 cikin 100 kowanne, yayin da rukunan tsaka-tsaki gaba ɗayansu za su raba ƙasa da kashi goma. Wasu sun riga sun ajiye makamai. Jami'ar Hartford ta sanar da komawa mataki na uku a 2021, 'yan makonni bayan ta shiga gasar Maris karon farko a tarihinta. Saint Francis ta jihar Pennsylvania ta yi haka a 2025, kwanaki kaɗan bayan ta buga gasar.

Abin da ya shafi Najeriya

Tobi Amusan ta bar Ijebu-Ode ta tafi Jami'ar Texas da ke El Paso, wadda a lokacin take rukunin Conference USA. A can ta zama zakarar jami'o'in Amurka a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2017, kafin a watan Yulin 2022 ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a birnin Eugene, ta kuma zama ta farko daga Najeriya da ta ɗauki zinariya a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. A watan Yulin 2021, lokacin da D'Tigers suka doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas, wanda ya fi kowa ci wa Najeriya maki shi ne Gabe Vincent, tsohon ɗalibin Jami'ar California da ke Santa Barbara, a ƙaramin rukunin Big West, wanda babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi a shekarar da ya kammala.

Matashin da ya taso daga Ogun ko Delta ko Kaduna ba shi da suna a kasuwar tallace-tallacen Amurka, kuma dokokin bizar ɗalibai sun taƙaita irin aikin kuɗin da baƙo zai iya yi a cikin ƙasar. Abin da yake nema shi ne gurbin karatu da koci mai haƙuri da filin atisaye, kuma sau da yawa makarantar da manyan ba sa gogayya da ita wajen neman taurari ita ce ke da dalilin leƙowa Afirka. Idan kasafin irin wannan makaranta ya matse, ba zari-ruga ake fara taɓawa ba. Guje-guje da ninƙaya da kokawa, wasannin da ba sa kawo kuɗin tikiti, su ne kan gaba wajen shan wuƙa. Wannan ya kamata ya dami Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka miƙa wa ragamar wasanni bayan rushe ma'aikatar a watan Oktoban 2024. Shekaru da yawa jami'o'in wata ƙasa ne ke ɗaukar nauyin horar da wani sashe na 'yan wasan da ke ɗaga tutar Najeriya, yayin da gasar jami'o'in cikin gida, NUGA, wadda aka fara tun 1966, akan yi shekaru ba a gudanar da ita ba. Kayan aro ba ya rufe katara, balle idan mai kayan ya fara sake lissafin gidansa.

Hanyar gyara

Abu na farko shi ne a bar ƙofar a buɗe, kuma a rubuce. Gurbin kai tsaye na zakaran kowane rukuni a gasar Maris, da gurbin da aka tanadar wa rukunan tsaka-tsaki a gasar zari-ruga, bai kamata su zama alfarmar da manyan za su janye duk ranar da suka ga dama ba. Kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar Maris yana jawo wa rukuninta kimanin dala miliyan biyu da ake biya cikin shekara shida. Ga SEC wannan ɗan canji ne, amma ga ƙaramin rukuni yana iya zama abin da zai riƙe ofishinsa da gasanninsa. Duk wani shirin faɗaɗa gasa da zai ƙare da ƙara wa manyan gurabe, a tura ƙananan su fara cinye juna a zagayen share fage, rufe ƙofa ne da aka yi wa ado.

Na biyu shi ne ladan reno. A ƙwallon ƙafa, dokar FIFA ta ware kashi biyar cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka horar da shi yana yaro. Wasannin jami'o'in Amurka sun shiga zamanin biyan 'yan wasa ba tare da makamancin wannan ba. Makarantar da ta ɗauki matashin da kowa ya raina, ta ba shi karatu da horo na shekara biyu, ta cancanci wani abu daga babbar makarantar da ta zo ta ɗauke shi, matuƙar ba a taɓa 'yancin ɗalibin na tafiya inda ya so ba, kuma ba daga aljihunsa za a cire ba.

Na uku kuwa yana wuyan ƙananan ne da kansu. Wasu daga cikinsu sun jefa kansu cikin tseren da ba nasu ba, suna gina filaye da bashi, suna ƙara wa ɗalibai kuɗin makaranta domin su yi kama da manya, suna jiran gayyatar da wataƙila ba za ta zo ba. Gonzaga, wadda ba ta da ƙungiyar zari-ruga, ta zaɓi wasa ɗaya ta zuba ƙarfinta a kai har ta zama abin tsoro. Rukunin Ivy League ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa, kuma yana nan daram da martabarsa. Rukunin da mambobinsa ke kusa da juna, ana zuwa wasa a mota a dawo a kwana a gida, yana da arzikin da manyan suka sayar: tsohuwar hamayyar maƙwabta da ɗalibin da ke samun lokacin zama a aji.

A watan Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa 12 na Turai sun yi yunƙurin kafa gasarsu ta daban, wadda ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba. Cikin kwana uku shirin ya wargaje, kuma magoya bayan manyan ƙungiyoyin ne suka fi kowa fitowa zanga-zanga, domin sun gane cewa kofin da aka hana wasu nema darajarsa ta ragu. SEC da Big Ten suna da ƙarfin da za su yi abin da na Turai suka kasa, su yi shi sannu a hankali, ta hanyar kwangila da jadawali da rabon gurabe. Idan suka yi, za su mallaki gasar ƙwararru ta biyu a ƙasar da ta riga tana da NFL da NBA, waɗanda suka fi su gwanaye. Abin da ya bambanta wasannin jami'o'i da waɗancan shi ne ɗaruruwan makarantu a manyan birane da ƙananan garuruwa, kowace tana shiga kaka da hujjar sa rai. Kiyaye wannan hujja yana da tsada kaɗan idan aka kwatanta da biliyoyin da ake rabawa, kuma manyan ne za su fi kowa asara ranar da ta ɓace.